Bargo A Kan Kwamfuta

Amarya na ninke kaya a falo lokacin da Injiniya ya ɗora kwamfutarsa kan murafun kwalba, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Sunan da 'yan gida suka laƙaba wa mijin nata ke nan tun da ya fara karatun gwada gini a cikin kwamfuta kafin a aza tubali.

"Aikin kammala digirina ne, nauyin gada take lissafawa. Kwanaki za ta yi a kunne. In ta mutu, sai baɗi. Ki kular min da ita, kin ji?"

Kai kawai ta gyaɗa.

Ƙanwarsa ta taɓe baki. "Gada a cikin akwati! Yaya, yaushe za mu haye?"

Ana gab da gama lissafin, ya tafi lacca. Amarya ta fito daga wanka, ta tarar Umma, mahaifiyarsa, ta lulluɓe kwamfutar da bargo.

"Kar ƙura ta ɓata wa yaron nan kaya, 'yar nan."

Ta yaye bargon. Zafi rau, gilashin baƙi ƙirin!

Da Injiniya ya dawo ya tarar ta mutu. "Wa ya taɓa ta?"

Amarya ta dubi Umma. Ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

"Abu ɗaya na roƙe ki — ɗaya!"

Ya daina cin girkinta. Abokan karatunsa suka gama, ya kashe waya don kar ya ga hotunansu. Kullum ƙanwarsa na cewa, "Wadda ko sakandare ba ta gama ba, ina ta san darajar digiri? Ka mayar da ita gidansu!" Amarya sai dai ta shige kicin ta buɗe famfo, don kar a ji kukanta.

Ranar da ya ce ta haɗa akwatinta, Umma ta tare ƙofa, rungume da bargon, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni na rufe ta. Yarinyar nan kunyata ta ɗauka. In kora ce, ni za ka kora."

Injiniya ya durƙushe, ya kama bakin mayafin matarsa. "Ki yafe min."

Shekarar dai ta tafi, ba ta dawo ba. Da baɗi ta zo, Umma da kanta ta zauna gadin kwamfutar da mafici: "Kowa ya matsa, gadar ɗana na shan iska!" Sunan Amarya ne a shafin sadaukarwa na aikin da Injiniya ya miƙa.

Kar fushi ya sa ka yanke wa mai shiru hukunci; wataƙila mutuncin naka take rufewa.