Kwamfutar Gidan Hajj Ibrahimu

Ranar da Sittana ta fara ganin Muntari, rungume take da akwatin kwamfuta. Tun daga unguwar Alsawra ta Umdurman ta ɗauko shi a hafila, motar haya, ta tsallako gada har kasuwar Suk al-Arabi. Ta dire shi a teburin shagonsa tana haki.

"Sabon Windows nake so ka sa min. Ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, amma zanen gini ɗaya sai na yi minti arba'in ina jira."

Muntari ya miƙa mata ruwa. Ya so ya kalli kwamfutar, idonsa ya ƙi barin fuskarta.

"Ke kaɗai ke aiki da ita?"

"Da Babana. Da ita yake tura zane zuwa injin surfaninsa."

"To ba zan taɓa ta ba sai na ga injin. Tsofaffin injuna ba duka ke jituwa da sabon tsari ba."

Ta harare shi. Wata uku ya rage ta miƙa aikinta na ƙarshe a jami'a, ga wani yana mata wa'azi. Ta ɗauki kayanta ta fice. Katin shagon dai ta tafi da shi.

Kwana biyu ta daure, a na uku ta tura saƙo: "Malam mai taurin kai, da gaske sabon zai fi sauri?"

Ya amsa: "A naki aikin zai fi, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. A na Baba babu abin da zai ƙaru. Kin ci abinci?"

Daga nan musu ya zama hira. Ran Juma'a sukan sha shayi a bakin Nilu wajen wata mai shayi, ita tana kawo hujja, shi yana rushewa. Ya sa mata suna Injiniyata, ita kuma ba ta fasa kiransa Mai Taurin Kai ba.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta Hajj Ibrahimu, sai ya ɗaure fuska. Kakansa ne ya fara ɗinki a kasuwar Umdurman. Muntari kuwa a ƙauyen 'yan ƙwadago na yankin Jazira aka haife shi, iyayensa sun tsufa suna tsinkar auduga.

"Ba mu san gidansu ba," in ji shi. "Ga Haisam ɗan aminina, ya dawo daga Jidda, ya kuma nuna yana so."

"Baba, ban ƙi maganarka ba, amma ka gan shi tukuna."

"Na gama magana."

Haisam ya ji ana zancen kwamfuta, ya ga hanyar burgewa ta samu. Wata ranar Talata Sittana tana jami'a, ya zo da faifai ya ɗora sabon tsarin, ya sha gahawar jabana ya tafi. Washegari da safe Hajj Ibrahimu ya tura zane, inji ya yi shiru. Saura kwana tara Sallah, jallabiya sittin na jiran surfani a wuya.

Bai san Haisam ya shigo ba, don yana kasuwa a lokacin. Ya ɗauka aikin yaron Suk al-Arabi ne. Ita ma Sittana zuciyarta ta raya mata ko Muntari ya aiko wani don ya faranta mata.

Ta rubuta: "Kai ka ce kada a taɓa, kuma ka sa aka taɓa?"

"Wallahi ban san zancen ba, habibti. Ina zuwa."

"Kada ka zo. Baba ya ce kada ya gan ka."

"To ya kore ni, amma sai bayan injin ya tashi."

Ya rufe shago da tsakar rana ya kamo hanya. A ƙofar gida Hajj Ibrahimu ya tare shi. Muntari ya gaishe shi da "Ammi", wato baffa a Larabcin ƙasar.

"Ammi, ka ba ni zuwa la'asar. In ban gyara ba, ba za ka sake ganin ƙafata a unguwar nan ba."

Kafin tsohon ya amsa, Hajja Kulu mahaifiyar Sittana ta leƙo. "Hajj, ɗazu nake son gaya maka, kana ta faɗa. Haisam ne ya zo da faifai. Ni na buɗe masa ɗakin."

Hajj Ibrahimu ya matsa gefe.

Muntari ya fara kwashe zanukan tsohon gaba ɗaya zuwa wani wuri. Sannan ya raba ma'ajiyar kwamfutar gida biyu, ya maido da tsohon tsarin a ɗaya, ya bar sabon a ɗayan. Sau biyu wuta tana ɗaukewa, sau biyu yana sakewa daga farko. Bai tashi ba sai don salla. Ana kiran la'asar allura ta fara rawa a kan farin yadi.

Sittana ta buɗe zanenta a sabon ɓangaren, ta riƙe agogo. Minti talatin da biyu.

"Minti takwas kawai?" ta ce a hankali.

"Na gaya miki. Amma sau goma a rana, ai kin samu fiye da awa."

Hajj Ibrahimu ya daɗe yana shafa surfanin da yatsa. "Da ka sa mata tun ranar farko, da ka burge ta. Me ya hana ka?"

"Sana'arka na ji wa tsoro, Ammi. Na san abin da ake ji in aikin hannu ya tsaya. A gidanmu na gani."

Tsohon bai ce ya amince ba. Sai da aka yi wata biyu Sittana tana maimaita masa magana ɗaya cikin ladabi, Muntari kuma ya je Jazira ya ɗauko mahaifinsa. Dattijan biyu suka zauna a tabarma, suka gano kakanninsu duk daga yamma suka zo a hanyar hajji, suka yada zango a garin Maiwurno.

An ɗaura aure bayan ta karɓi sakamakonta. Aka yi wa ango lalle a hannu, aka ɗaura masa jan zare, amarya ta fito cikin jan tob, wato lafaya, tana ƙamshin sandal. Da za a tafi da ita, Hajj Ibrahimu ya kamo hannun Muntari ya haɗa da nata. 

"Na so in hana, ɗana, ka yafe min. Ga ta nan. Allah ya cika gidanku da arziki da 'ya'ya, ya sa ku tsufa tare."

Mata suka ɗauki guɗa. Sittana ta matse hannun mijinta, ta ce amin.