Littafin da Ya Dawo Fari Tas

Ruwan sama ne ya koro Amaro, wani matashin mahaƙi, cikin ɗakin karatun ƙungiyar mahaƙa kwal a garin Turón, wata ranar Lahadi. Wata budurwa, Telva, na bisa tsani tana jera littattafai. Ta leƙo ta tambaye shi wanne yake so, gogan naka kuwa ya nuna mafi kauri, don kada a raina shi.

Daga nan duk mako sai ya zo aro. Kafin ka ce me, tana ce masa "baƙina", yana ce mata "fitilata".

Mahaifinta Olegario a ramin kwal ya ƙare ƙuruciya, kafin tari ya mai da shi mai tsaron littattafai. Ranar da Amaro ya nemi aurenta, tsohon ya ɗauko duk abin da yaron ya taɓa ara, ya buɗe. Fari tas. Ya buɗe na sauran mahaƙa, kowane shafi da tambarin yatsa, don kwal ba ya barin hannu komai cuɗa.

"Yaro, ko layi ba ka karanta ba. Jahilci ba laifi ba ne a wurina, amma ba na ba maƙaryaci 'yata."

Amaro ya sunkuyar da kai. Tun yana ƙarami aka tura shi rami, bai san ko harafi ba.

Telva ta yi fushinta ta gama, sannan ta tare shi a bakin rami da littafin yara a hannu.

"Kai baƙina, da ka faɗa tun farko, ai da yanzu mun yi nisa."

Hunturu guda ya yi yana fama. Ko lokacin cin burodi a ƙarƙashin ƙasa yana haɗa baƙi a hasken fitila, abokan aiki na tsokanarsa wai malam ya iso.

Da bazara ya shigo ɗakin karatu da gudu, yana haki, ya ajiye littafi mai kauri gaban tsohon. Ƙarƙashin kowane layi akwai baƙin sawu, inda yatsa ya bi kalma bayan kalma. Olegario ya ce ya karanta a ji. Ya karanta yana tuntuɓe, Telva na bayan tebur tana motsa leɓe tare da shi.

"Ka ɓata wa ƙungiya littafi," in ji tsohon. "Je ka wanke hannu, surukina, kafin ka taɓa mini 'ya."

Aka ɗaura aure lokacin nunar tuffa, masu busa suka cika gari. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai karatu.