Ranar Da Shafa'atu Ta Kifar Da Kunun Gayya

"Inna! Inna, zo ki gani, wake-waken ma ta mutu!"

Shafa'atu ce tsaye a bayan rumbu, riƙe da kaza ta ƙafafu, idanunta cike da ƙwalla. Ba ita ce ta farko ba. Duk kazar da ta sha ruwan da ke gangarowa daga tsohon ɗakin Kaka ba ta ƙara kwana. Zogalen da ke bakin rariyar ma ya bushe ƙarmas, alhali ana tsakiyar damina.

Mahaifiyarta, Inna Suwaibatu, ta leƙo daga madafa tana yarfe hannu. "Ke dai kin cika kwakwazo. Cutar kaji ce ke yawo a Mairuwa. Jefar da ita ki zo ki jiƙa mani gero."

"Cutar kaji ce ta kashe zogale? Ita ke sa Baba tari? Inna, warin ɗakin Yaya Ɗanliti har ido yake ci!"

"Maganin gajiya yake haɗawa, sana'a ce. Ki kama bakinki, kin ji ko?"

Maganin gajiya! Tun da Ɗanliti ya dawo daga kudu ya danna wa ɗakin Kaka kwaɗo, ya toshe tagar da tsummoki, gidan mahaifinsu Malam Gide bai ƙara shaƙar iska mai daɗi ba. Abin da yake dafawa a ciki, samari 'yan ƙwadago ke saye a ƙulle cikin 'yar leda, sun sa masa suna caji. Mutum ya sha ya wuni yana noma kamar inji, washegari a same shi yashe kamar gawa, ko yana zare ido yana faɗa da inuwarsa. Shi kansa mai sana'ar ya rame, haƙoransa sun yi baƙi, barci ya ƙaurace masa, kullum yana susar hannuwa har sun yi gyambo. Amma shi ke kawo shinkafa da mai tun da ciwon ƙafa ya zaunar da Malam Gide, kuma in baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

Abu ɗaya ke sanyaya ran Shafa'atu a gidan: Salahuddeen ɗan Alhaji Mani na Ruwan Godiya. Makanikin injin niƙa ne, baƙi dogo, mai yawan dariya, kuma an riga an sa musu rana bayan kaka. Da yammacin nan ya kira ta.

"Gimbiya, na bi ta gonar Babanku, ciyawa ta kusa cinye masarar nan. Asabar zan kawo gayya."

"Gayya kuma? A wanga zamani? Kai dai tsohon yayi ne!"

"Da gayya Alhaji ya auro Hajiyarmu, ni kau ba zan gaza shi ba. Na yi wa abokaina magana, kowa ya ce ba matsala. Har Alhaji ya ce zai zo ya zauna a inuwa ya ga ƙwazonmu. Ke dai ki dama mana kunun tsamiyar nan naki, kar ki yi rowar suga."

Ta yi dariya har da rufe baki, sai ka ce yana ganinta. Ta san abin da fitowar Alhaji Mani ke nufi. Dattijon ya daina taka gonar kowa tun shekarar da aka ɗauko ɗansa Nasir, ƙanen Salahuddeen, daga wurin ƙwadago, ya haɗiyi ƙwayoyi zuciyarsa ta buga a tsakiyar kunya. Yanzu ga shi zai fito saboda ita.

Ranar Asabar tun da hantsi ake jin gangar noma daga cikin gida. Shafa'atu ta dama kunu cike da babbar roba, ya yi kauri ya yi kyau, ƙamshin citta da kanumfari har zaure. Ta shiga ɗaki ɗauko kofuna. Fitowar da za ta yi sai ta ga Ɗanliti sunkuye a kan robar yana juya kunun da muciya, ledarsa a hannu ba komai a ciki.

"Yaya! Mi ka zuba?"

Ya ɗago yana washe baƙaƙen haƙoransa. "Ke ba ki san bizines ba. Samfur ne, kyauta. Yau su sha su ga aiki, gobe samarin Ruwan Godiya duka sun zama kwastomomina."

"Innalillahi! Inna, kin ga abin da ya yi?"

Inna ta kawar da kai. "Ɗan kaɗan ne ya sa. Gonar nan babba ce, Shafa. In rana ta faɗi ba su gama ba, mijinki za a yi wa dariya a gari, a ce gayyarsa ta kwana. Don ki fita kunya ne."

"Kunya? Inna, da irin abin nan fa aka kashe masu Nasir!"

"Ke, rufe mani baki!"

Kafin ta sake magana Ɗanliti ya rufe robar, ya kinkime ta ya ɗaure a bayan babur, ya tayar ya fice.

Kowa ya san yarinyar da aka sa wa rana ba ta zuwa inda surukinta yake. Ko a hanya ta hango shi, kwana take yi. Shafa'atu ta tsaya tsakar gida. In ta yi shiru, aurenta na nan lafiya lau, ba wanda zai sani. In ta buɗe baki, ta tona asirin gidan ubanta a gaban mutanen da ke shirin ɗaukarta. Ta kira wayar Salahuddeen, tana ta ƙara ba a ɗauka, ina mai riƙe da fartanya zai ji waya cikin kiɗa? Sai ta figi hijabi, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Da ta isa gona an dakatar da ganga. Samari sun taru a gindin ɗorawa, gumi na zuba, kowa na miƙa kofi da ƙoƙo. Ɗanliti na tsaye da ludayi yana ta fara'a. Kofin farko an cika shi, Salahuddeen ya durƙusa yana miƙa wa mahaifinsa.

"Kar ku sha!"

Kowa ya waiwayo. Ta kutsa tsakiyarsu, ta sa hannu biyu ta tunkuɗe robar. Kunun ya malale cikin kunyoyin masara. Ta juya ta karɓe kofin daga hannun Salahuddeen ta watsar.

Kowa ya saki baki, har makaɗin.

"Shafa'atu, lafiya?" Salahuddeen ya tambaya.

Ta durƙusa a gaban Alhaji Mani, kanta a ƙasa, amma kowa ya ji muryarta. "Alhaji, ku yafe mani rashin kunya. Ni na dama kunun nan da hannuna, amma an zuba mashi caji a gidanmu. Ba zan bari ku sha ba."

"Ƙarya take! Aljanu gare ta!" Ɗanliti ya daka tsawa. Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. Ya ga yadda samarin ke miƙewa suna dubansa, ya haye babur ya bar robar a nan.

Alhaji Mani ya daɗe yana kallon kunun da ƙasa ke tsotsewa. Sai ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya nufi mota. Gayya ta watse, rabin gona ko taɓa shi ba a yi ba.

Wayyo, abin da Shafa'atu ta gani a makonnin da suka biyo baya! Inna ta daina cin abincin da ta dafa. "Kin kashe aurenki, kin tona mana asiri, sai ki zauna mu tsufa tare!" A bakin famfo 'yan mata na zunɗenta, wai ga mai shurin kunu. Malam Gide ne kaɗai ya kira ta, ya dafa kanta ya ce, "Abin da na kasa ne kika yi, ɗiyata. Allah shi yi maki albarka." Ya sa aka kira Ɗanliti ya ce a fasa ɗakin nan. Ɗanliti ya rantse saura dahuwa ɗaya ya bari, kayan da ya saya kar su lalace.

Salahuddeen bai daina kira ba, amma dariyarsa ta ragu.

"Faɗa mani gaskiya, mi Alhaji ya ce?"

Ya ce, "Baffannina sun ce ba a ɗauko iri daga gidan ƙwaya. Alhaji kau ya ce ba zai sake taka gidan da ɗakin nan ke tsaye ba. Ki yi haƙuri, Gimbiya, ina nan."

"Ko an fasa, ban yi da-na-sani ba," ta ce, ta kashe wayar ta kifa kai tana kuka. Gaskiya ta faɗa, kuma kukan ma na gaskiya ne.

Abin da ba ta sani ba shi ne, duk ranar da ya samu sarari Salahuddeen kan ɗauko fartanya ya zo shi kaɗai yana rage sauran gonar. Ya ce gayyarsa ce, ba zai bar ta a buɗe ba. Yana cikin wannan noma wata ranar Laraba da azahar ya ji wata ƙara daga cikin gari, dum! Ya ɗaga kai ya ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe saman gidan Malam Gide.

Dahuwar ƙarshen ce. Saboda tsoron kar maƙwabta su ji wari su kira hukuma, Ɗanliti ya kulle kansa ta ciki ya ƙara toshe kowace kafa. Abin ya tashi da shi.

Salahuddeen ya tarar da Shafa'atu na jan mahaifinta zuwa zaure, Inna na birgima a ƙasa tana ihu, "Ɗana! Ku fiddo mani ɗana!" Maza sun taru amma hayaƙin ya hana kowa matsawa, duk wanda ya shaƙa sai ya durƙushe yana tari. Salahuddeen ya tsoma rigarsa a randa ya ɗaure hanci, ya sa ƙotar fartanya ya ɓalle ƙofar, ya jawo Ɗanliti waje. Shi ne kuma ya tallabe shi a bayan motar maƙwabci har asibiti a Funtua.

Ɗanliti ya rayu, amma wutar ta cinye hannuwansa biyu har yatsun suka ƙandare, idonsa na hagu ya tafi. Da ya ɗan farfaɗo, jami'an hukuma na zaune a bakin gadonsa suna jira. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Sai dai ruwan bai tsaya kansa ba: wutar ta lashe rumbu, ta lashe ɗakin da aka tara kayan auren Shafa'atu. Katifa, kwanuka, labule, ko cokali ba a fitar ba.

Ranar da Inna ta dawo daga jinya, ta tsaya tana kallon toka. Sai ta juyo ta rungume 'yarta. "Ki yafe mani, Shafa. Kaji sun faɗa mani, zogale ya faɗa mani, ke kin faɗa mani. Son zuciya ya toshe mani kunne."

"Ba komai, Inna. Allah shi ba Yaya lafiya, shi shirye shi."

Bayan an karya masara, wata safiya sai ga gangar noma a ƙofar gida. Shafa'atu ta leƙa ta zaure. Samarin Ruwan Godiya ne, waɗanda suka zo gayyar farko, wannan karon da shebur da kwanon gini, ga mota cike da bulo da buhunan masara. A gabansu Alhaji Mani ne da sandarsa.

Ya gaisa da Malam Gide, aka shimfiɗa masa tabarma. Ya ce, "Malam, gayyarmu ba ta ƙare ba, mun zo mu tada rumbu. Amma ba mai ɗaga bulo sai ɗiyata ta dama mana kunu."

Ta shiga madafa ta dama shi. Da aka fito da robar, Alhaji ya ce a kira ta. Ta zo ta durƙusa nesa, ta ja hijabi ta rufe fuska.

"Yau kuma kunya ake ji?" ya ce. Samari suka kwashe da dariya, Salahuddeen ya fi kowa.

Sannan dattijon ya gyara murya, idanunsa suka kawo ruwa. "Ranar nan ban yi magana ba, don Nasir nake gani kwance a cikin kunyar nan. Da an samu mai kifar da kofi ɗaya a ranarsa, da yanzu yana cikin waɗannan. 'Yan'uwana sun ce kar in ɗauko iri daga gidan nan. Na ce masu, 'ya'yan mutane da yawa suka miƙa kofi, da ni a cikinsu, yarinyar nan ta sayar da aurenta ta fanshe mu. Wane iri ne ya fi wannan?"

Inna ta yi magana daga bayan ƙyaure, murya ƙasa-ƙasa. "Alhaji, ba mu da ko tabarmar da za mu kai ta da ita."

"Hajiya, kayan ɗaki a kasuwar Sheme ma ana samu. Abin da ɗiyarki za ta shigo mani da shi gida, ba a sayar da shi."

Ya miƙa kofi. Shafa'atu ta matso ta cika masa. Ya yi bisimilla ya shanye tas a gaban kowa, ya sake miƙawa. Malam Gide na zaune yana share hawaye da gefen rawani, ƙirjinsa a buɗe kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

An ɗaura aure a ranar da aka sa tun farko, ba a ɗaga ko kwana ɗaya ba.

'Yan'uwa matasa, dukiyar da ake dafawa a ɗaki a kulle, taga a toshe, ba arziki ba ce, wuta ce ke jiran ranarta, kuma in ta tashi ba ta tambayar wa ya hura ta. Rufa wa mai ɓarna asiri ba ƙauna ba ce. Gaskiya ɗaci gare ta, amma mahaƙurci mawadaci. Har yau a Ruwan Godiya, in za a yi gayya, gidan Salahuddeen ake kai gero, domin kowa ya san kunun da Shafa'atu ta miƙo, ana shan sa ido rufe.