Takardar da ke Jikin Firij

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare. A gida Uwar Gaggawa ake ce mata, don ko shayi ba ta jira ya huce. Tana cikin 'yan mata huɗu da za su yi wa makarantarsu tseren miƙa sanda. Saura mako biyu.

Ran Lahadi ta ga wata takarda manne a jikin firij.

"Gwaggo, wannan fa?"

"Tsarin rage ƙiba ne," in ji Gwaggo, ƙanwar Babanta. "Likita ce ta rubuta min. Mataki uku ne."

Yarinyar ta matsa ta karanta. Mataki na ɗaya, kwana biyar. Ba shinkafa, ba burodi, ba sukari. Sai ganye da ƙwai da kifi. Nan ta tsaya. Wa ke da lokacin karanta sauran?

"In na rage nauyi, ai ba mai kama ni a fili," ta ce a ranta. "Amma kwana biyar sun yi yawa. In na cire ƙwan da kifin ma, uku sun isa."

Ta ɗauko littafi ta ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ta rubuta Amfani, ɗayan kuma Illa. Tana son ta gani da idonta.

Abincin makaranta ƙawarta take miƙa wa. A gida kuma sai ta ce ta ƙoshi. Kullum da safe sai ta hau sikelin Gwaggo.

Ran Talata ta rubuta a gefen Amfani: "Allurar sikeli ta ɗan ja baya." A gefen Illa kuwa: "Ciwon kai. Gyangyaɗi a aji. Na yi wa ƙawata tsawa ba dalili."

Ran Laraba aka fito atisaye. Aka miƙo mata sanda, ta zabura. Taku goma kawai, sai filin ya fara juyawa. Sandar ta faɗi. Ita ma ta zube a kan ciyawa.

Malamar wasanni ta rugo da ruwa. "Ke, me kika ci yau?"

"Kokwamba, Malama."

"Da me?"

"Da... wata kokwambar."

Malama ba ta yi dariya ba. "Na cire ki tukuna. Ran Litinin zan sake gwada ki. In ba ƙarfi, wata za ta shiga."

A gida yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗi komai. Mama ta riƙe baki.

"Uwar Gaggawa! Har da abincin ma?"

Gwaggo ta ciro takardar ta juya bayanta. "Karanta nan."

Ta karanta a hankali. "Wannan na manya ne. Kada yara su bi. Kada a yi sai da likita."

"To Gwaggo, yana da amfani ko ba shi da shi?"

"A gare ni yana da shi. Gwiwata ke ciwo, dole in rage. Amma ni ma yana sa ni kasala. Shi ya sa mataki na biyu yake dawo da abinci kaɗan-kaɗan. In na koma cin da nake yi a da, sai ƙibar ta dawo."

"To allurar sikelin da ta ja baya fa?"

"Yawanci ruwa ne ya fita, 'yar nan. Ke girma kike yi. Me za ki rage?"

Mama ta ajiye mata faranti. Yarinyar ta cinye tas, har ta nemi ƙari.

Ran Litinin Malama ta busa usur. Yarinyar ta karɓi sanda, ta tsinke da gudu har ƙarshen layi. Ko jiri babu.

Malama ta duba agogo, ta yi murmushi. "Kin dawo cikin huɗun."

Yarinyar ta yi tsalle ta rungume ƙawarta. Daga ranar ta gane cewa tsarin da ya dace da babba yana iya cutar da yaro. Kafin ka taɓa abincinka, ka karanta har ƙarshe, ka kuma tambayi manya da likita.