Bugu Biyu a Kan Rufin Kwano

Abin da zan ba da labarinsa ya auku ne a wani gida na mutunci, irin gidajen da ake rufe ƙofarsu da wuri, ba a kuma jin muryar mazaunansu daga titi. Maigidan tsohon ma'aikacin gidan waya ne, wanda ya yi ritaya da alfahari guda ɗaya tak: wasiƙun jama'a sun bi ta hannunsa har furfura ta rufe kansa, bai taɓa ɗaga ko ɗaya zuwa ga haske domin ya leƙa abin da ke cikinta ba. Na ambaci wannan ne tun da fari, domin mai karatu ya auna girman abin da ya same shi.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta dawo zama wurin iyayenta saboda aiki ya kai mijinta nesa. Sau biyu tana samun ciki, sau biyu yana zubewa bayan dangi sun gama yi mata murna. Da na uku ya shiga, sai ta ƙudurta a ranta cewa babu mahaluƙin da zai ji, ko uwarta, ko mijin, har sai ya yi ƙwari.

Likita ya taɓa ba ta shawarar ta riƙa tattaki da yamma. Saboda haka uban ya sayo mata agogon nan na zamani mai ƙirga taku, da bugun zuciya, da awannin barci. Shi da kansa ya sauke mata manhajar agogon a waya. Wani dogon rubutu mai ƙananan baƙaƙe ya bayyana, tabaraunsa kuwa yana can cikin ɗaki.

"Baba, ba za ka karanta ba?" in ji Auta, tana tsokanarsa. "Kai da ko takardar magani sai ka bi ta layi-layi."

"Waɗanda suka rubuta wannan ai sun yi makaranta," ya ce, ya danna inda aka rubuta "Na amince".

Manhajar ta nemi nauyinta da shekarunta, aka ba ta. Ta nemi izinin sanin duk inda take, aka ba ta. Daga baya, a keɓe, ta nemi kwanakin al'adarta, Auta ta rubuta mata, domin a ganinta waya ba mutum ba ce, balle ta kai gulma.

Alamar farko abin dariya ce. Uwar tana zaune a tsakar gida tana duba tata wayar, sai ta ce, "Wannan abu ya haukace. Ni da jikokina suka fara makaranta ake tallata mini kayan jarirai?" Maigida ya yi dariya. Auta ba ta yi ba.

Wata magariba, rana ta faɗi amma duhu bai gama sauka ba, iska ta tsaya cak, kajin maƙwabta suka yi tsit. Uwar na kwashe shanya, sai tsakuwa ta faɗo a kan rufin kwano. Wata ta biyo ta. Maigida ya fita da sanda yana zaton yaran unguwa ne, ya zagaya bayan gida, bai ga ko kare ba. Da ya dawo ya tsaya ya saurara, sai ya gane cewa jifan yana da tsari. Akwai wani mai nauyi, a hankali, kamar tafiyar babban mutum. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani ƙarami, mai sauri, kamar yayyafi.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. A cikin waɗannan kwanaki Auta ta daina cin abinci, ta daina tattaki. Ranar nan suna zaune su uku, sai ta ɗago kai, ta buɗe baki, wata murya mai kauri wadda ba tata ba ta fito.

"Jiya ta tsaya a bencin bayan asibiti ta yi kuka. Idan mijinta ya kira, zuciyarta takan yi sauri, don tana ɓoye masa magana. Watanta ya wuce har sau uku."

Uwar ta saki kofin da ke hannunta. Maigida ya tashi, ya ciro agogon daga hannun 'yarsa, ya ɗora shi a kan dakali, ya farfasa shi da guduma. Ya goge manhajar daga wayar. Da magariba ta sake yi, tsakuwar ta dawo, babbar da ƙaramar, babu abin da ya ragu.

Sai aka nemo Malam, wani dattijo masani wanda ya daɗe yana fama da irin waɗannan baƙi, wato aljanu. Ya iso da la'asar sakaliya, ya zauna a gaban Auta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Da jifan ya fara, sai idanunta suka juye, ta miƙe zaune kamar an ja ta da igiya.

"Wane ne kai," in ji Malam, "kuma wa ya ba ka izinin shiga gidan mutane?"

"Maigidan ne," muryar ta ce. "Tambaye shi. Ga shi nan a tsaye."

"Ƙarya kake yi," in ji Maigida. "Ban san ka ba."

"Ba sai ka san ni ba, tsoho. An rubuta cewa za a raba bayananta da abokan hulɗa. Ka danna. Ni abokin hulɗa ne."

Malam ya ɗaga hannu domin Maigida ya yi shiru. "Daga ina ka fito?"

"Da muna kufai da tsofaffin rijiyoyi. Kun rushe, kun yi gine-gine. Sai muka tarar kun gina mana abin da ya fi su: manyan ɗakuna masu sanyi, babu taga, babu ɗan Adam, sai injuna suna gunji dare da rana. A can ake tara abin da agogunanku ke aikowa. Da sai mun yi wata muna laɓe kafin mu san hanyar mutum ɗaya. Yanzu kwance muke, ana kawo mana. Na ga hanyar da take bi, na ga ƙofar da take komawa, na ga lokacin da barci ke ɗauke ta. Na ga zuciyarta ta ƙara sauri, watanta ya tsaya. Sai na ce, bari in je in ji bugun ƙaramar zuciyar da ke cikinta da kunnena."

Uwar ta rufe fuska da mayafi. Malam ya koma karatu, ya ƙara ƙarfi, har gumi ya jiƙa masa wuya. Auta ta riƙa murɗewa, muryar tana gurnani.

"Ya isa, Malam, ya isa haka. Kana ƙona ni. Zan fita, amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"Fasa agogo ba ya goge komai, goge manhaja ma haka. Su rubuta wa masu ita su nemi a share sunanta daga ɗakinmu. Idan aka share, ba ni da sauran hujja."

"Za a rubuta yau. Ka yi alkawari ba za ka dawo ba, kuma ba za ka taɓa abin da ke cikinta ba."

"Na yi, a kan kaina." Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Amma kai mai ilimi ne, ba zan rufe ka ba. An riga an sayar. Masu talla sun saya, masu inshora sun saya, su ma sun sayar wa wasu. Kowane da ɗakinsa mai sanyi, kowane ɗaki da mazaunansa. Ni ina jin karatu. A cikinsu akwai kurame."

"Su nawa ne?"

"Ko masu manhajar ba su sani ba."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta. Jifan ya tsaya. Da ta farfaɗo, ta dubi fuskokinsu, ta gane cewa sirrin da ta riƙe da haƙoranta ya riga ya fita. "Mama, kin ji ke nan," ta ce. Uwar ta rungume ta.

Maigida ya raka Malam bakin ƙofa, ya tambaye shi ko an gama. Malam ya daɗe yana neman takalminsa, alhali yana gabansa. "Wanda ya zo, na kore shi," ya ce. "Ku dage da addu'a."

A daren Maigida ya sa tabaraunsa, ya rubuta wa kamfanin saƙo da kyakkyawan lafazi irin na mutanen da. Amsa ta zo nan take, babu sunan kowa a ƙasanta. An ce sirrin abokan ciniki yana da muhimmanci ƙwarai a wurinsu, za a share abin da ke hannunsu, amma abin da ya riga ya isa hannun wasu ba ya ƙarƙashin ikonsu. Ya karanta ta layi-layi, har sau biyu.

Gidan ya sami kwanaki na shiru. Auta ta fara cin abinci, har uwar ta ciro wani farin yadi mai laushi daga ƙasan akwati, ta ɓoye shi a ɗakinta.

Sai wata magariba iska ta sake tsayawa. Su uku suna tsakar gida. Tsakuwa ta faɗo a kan kwano, mai nauyi, a hankali. Wata ta biyo ta. Babu wanda ya motsa. Tsoho mai alfaharin riƙon amana ya karkata kunnensa sama, yana roƙon Allah ya jiyar da shi abin da a da yake roƙon a ɗauke masa. Suka saurara har duhu ya rufe fuskokinsu.

Ƙaramin bugun bai biyo ba.