Fitila a Gefen Hagu

"Juya haka, Auta! Wannan ɓangaren nake so ya ɓace!"

Gwaggo ta kama haɓarta ta murɗa mata wuya zuwa bango.

Tabon ƙunar da Auta ta samu tun tana rarrafe ya sauko daga kunnen hagu har haɓa. An lafta masa hoda, ya ƙi ɓuya.

A tsakiyar falon yana durƙushe, yana ɗaura farar lema a kan sandar fitilarsa.

Mai Hoto.

Shi ne ya zo neman aurenta bara, Abba ya ce ba zai ba mai yawon gidajen biki 'yarsa ba. Duk masu hoton garin nan, shi Gwaggo ta kira. Da gangan.

"Malam, Injiniya za a tura wa hoton, ɗan ƙawata. Yana ƙasar waje, bai taɓa ganinta ba. Ka dai gane?"

"Na gane, Hajiya."

Ko kallon Auta bai yi ba. Ya sauke labule, ya kashe ƙwan falon, ya ja sandar zuwa damanta.

"Haske zai zo ta nan," ya ce. "Hagun zai faɗa cikin inuwa."

Da ya matso gyara lemar, Auta ta yi ƙasa da murya.

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Aiki aka kira ni."

"Da kullum a hagu kake ajiye min fitila..."

"Da ke nan. Ɗaga kai kaɗan."

Fau! Haske ya cika falon ya ɗauke.

Gwaggo ta leƙa bayan kyamarar ta rangaɗa guɗa.

"Tubarkalla! Wallahi ko ni ce Injiniya sai na biyo jirgin gobe! Zo ki gani, 'yar nan!"

Auta ta duba. Kyakkyawar mace ce, sumul, rabin fuskarta ya nutse cikin duhu. Ba ta san ta ba.



Ta miƙe ta cafki sandar. Lemar ta daki fanka, ta kusa kifewa, amma ta ja ta har gefen hagu ta dire. Ta sa bakin mayafi ta goge hodar tas.

"Ke! Kin haukace ne?"

"Ɗauka," ta ce masa.

"Auta..."

"Na ce ka ɗauka! In ya ga wancan ya aure ni, ranar da ya ɗaga mayafi wa zai riƙe masa fitila a dama?"

Sai yanzu ya dube ta, ido ya kaɗa ya yi ja. Ya sassauta hasken, ya ɗan sauke lemar kamar yadda ya saba yi mata.

Fau!

"Wane irin ihu ne wannan a gidana?"

Abba ne a bakin ƙofa. Gwaggo ta warce kyamarar ta kai masa.

"Yaya, duba abin da ta yi! Ga mai kyau an ɗauka, ta ɓata!"

Abba ya gyara tabarau. Ya dubi na farko, ya daɗe a kan na biyu. Shi ya ɗauki Auta a kafaɗa zuwa asibiti ranar da ruwan zafi ya zubo mata.

"Waccan ban san 'yar wa ce ba," ya ce a hankali. "Wannan ce tawa."

Ya juya ga Mai Hoto.

"Kai wanne za ka rataya a ɗakinka?"

"Na biyu, Abba."

"To me ya sa ka ɗauki na farko?"

"Na zaci Injiniyan take so. Ban isa in tare mata hanya ba."



Abba ya miƙa masa kyamarar.

"Goge na farkon. Ka ce wa manyanka su dawo."

"Yaya! Injiniyan fa?"

"Ki nemo masa mai rabin fuska."

Gwaggo ta figi jakarta ta fice, ƙofar ta buga.

Auta ta zame ta zauna, hawaye na bin tabon. Mai Hoto ya tsuguna yana naɗe lemar, waya ɗaya ta lanƙwashe.

"Hasken idona..." ya ce, bai ɗago ba. "Kin karya min lema."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

"Ka saya wata. A hagu za ta zauna."