Mesa a Hannun Abaya

"Wayyo Allah! Ya Latif! Maciji!"

Sundus na riƙe da tiren gahawa ta ji ihun, tiren ya suɓuce daga hannunta.

Hajiya Maiturare, mahaifiyar Lurwanu, saurayin da ke neman aurenta, ita ce a ƙasa bakin ƙofar majalisin mata, abayarta a yashe gefe. Ta zura hannu za ta saka ta koma gida, sai yatsunta suka taɓa wani abu mai santsi. Ga shi nan yana sulalowa daga hannun abayar: 'yar mesa, tsawonta bai kai kamu biyu ba.

Munirat, 'yar ƙanwar Hajiya, ta ɗaga takalmi.

"Kar ki dake ta!"

Sundus ta tsallake ƙafafun Hajiya, ta sure mesar ta rungume a ƙirji. Dabbar ta dunƙule kamar ƙwallo, ta ɓoye kanta.

Sai da ɗakin ya yi tsit sannan ta gane abin da ta yi. Dattijuwa na kwance a ƙasa, ita kuwa maciji ta fara ɗauka!

Hajiya ta dube ta daga inda take, dubawa ɗaya. Ta ce, "Munirat, ɗaga ni. Halas, shi ke nan, mun ga yarinyar."

Ko turaren sallama ba su tsaya an zaga musu da shi ba.

"Kin kashe ni, Sundus," in ji Ummanta bayan ƙofa ta rufe. "Ba kin ce abin nan yana rufe ba?"

"Yana rufe, Umma..."

Da safe a rufe take. A robar ajiye kaya mesar tata, Tamra, ke zama tun da Sundus ta karɓo ta daga wata ƙawarta da ta gaji da ita, littattafai danne a kan murfin. Amma ranar zuwan baƙi Umma kan bi kowane ɗaki da turaren wuta, hayaƙi kuwa yana cutar da numfashin maciji. Shi ya sa Sundus ta ɗauke robar zuwa ƙaramin ɗakin da baƙi ke rataye abaya, cikin sauri ta bar littattafan. Aka ƙure mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, don girmama baƙi, sanyi ya cika gidan. Tamra ta ture murfi ta fita neman ɗumi, ta same shi a abayar da ta shigo da zafin ranar Madina.

Kafin La'asar, saƙon muryar Munirat ya zaga wayoyin matan unguwar Ƙuba.

"Wallahi da idona na gani! Hala Maiturare, yayar ummata, ta faɗi tim, ita kuwa macijin ta rungume kamar ɗanta. Mai hankali za ta yi haka? Ku dai ku yi ta addu'a, akwai abin da ke tare da yarinyar nan."

Sundus ta saurara sau ɗaya, ta kife wayar. Ta daina fita, ta daina amsa kiran Lurwanu. Duk lokacin da ta rufe ido, kallon Hajiya take gani.

Ranar Asabar da hantsi yayanta Saif ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Saka mayafi ki fito tsakar gida. Kina da baƙo, ya zo da gilasai."

Lurwanu ne, tsugune a inuwar bango da kayan aikinsa. Sana'arsa ke nan, tagogi da ƙofofin alminiyam, a shagonsa na unguwar Aziziyya. Saif ya ja kujera ya zauna tsakaninsu.

Ta kasa ɗaga kai.

"Ka zo ne ka ce an fasa?"

"Na zo ne in yi wa kishiyata ɗaki."

"Don Allah ka bari... ba abin dariya ba ne."

"Na sani, ya galbi, zuciyata." Muryarsa ta sauka. "Umma ta ce kar in ƙara ambaton gidan nan. Ba macijin ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta ce kin tsallake ta."

Hawaye suka zubo mata.

"Na tsallake ta. Ba ni da abin cewa. Zan bayar da Tamra, wallahi yau ma."

"In kin bayar, Munirat za ta ce an kore miki aljanin ne. Bari mu yi abin da ido zai gani. Ke kika san dabbar, ni na san gilashi. Faɗa mini."

Ta share fuska, ta fara a hankali.

Ƙofar akwatin gilashin ta zama ta turawa gefe, da makulli, don mesa na da ƙarfin ture duk abin da aka ɗora kawai. A sama a sa raga mai ƙananan idanu, iska ta shiga, kai kuwa kar ya wuce. Ya goge bakin kowane gilashi har sai da kaifinsa ya mutu.

"Shimfiɗar ɗumi ta lantarkin nan fa? In sa ta ƙarƙashin duka?"

"A'a, gefe ɗaya kawai. In zafi ya ishe ta, ta koma gefen sanyi. Kuma ka haɗa ta da abin da ke kashe ta in ta yi zafi da yawa, kar ta ƙone mata ciki."

"Ni ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata ko zafi ya ishe ni ba."

Saif ya yi gyaran murya. "Ya shehu, aiki ka zo yi."

Ta kawo maɓoya biyu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba. Da ta fito da Tamra, Lurwanu ya yi baya har ya taka akwatin kayan aikinsa.

"Tsoro kake ji?"

"Ni? Hanya nake ba ta."

Ta yi murmushi, karo na farko tun ranar. Murmushin bai daɗe ba.

"Hajiya ba za ta zo ba..."

"Bar mini wannan."

Ranar Juma'a bayan La'asar ta zo, tana ɗingishi, ita kaɗai ba Munirat. Ta ƙi cire abaya. Ta ƙi gahawa.

"Ina abin yake?"

Aka kai ta. Ta tsaya nesa, sannan ta matso. Ta ja ƙofar gilashin, ta girgiza ta, ta danna ragar sama da yatsa, ta bi kowace kusurwa. Tamra na cikin maɓoyarta, hancinta kawai a waje.

"Wannan ɗan abin ne ya kayar da ni?"

Sundus ta durƙusa a gabanta, kanta a ƙasa.

"Hajiya, ki yafe mini. Ba ni da uzuri. A gidanmu kika faɗi, ban ɗaga ki ba. Kunyar abin ta hana ni ko zuwa duba ƙafarki."

"Na jira ki kuwa."

Sundus ta fashe da kuka.

Hajiya ta dubi ƙeyar Sundus.

"Kin san abin da ya kawo ni? Ba roƙon ɗana ba ne. Jiya na je ta'aziyya unguwar Uhudu, matan da ban taɓa gani ba suna tambayata, ke ce wadda ta faɗi tim? Da muryar 'yar ƙanwata suka san ni! Ke kin yi wauta a gaban mutum biyar. Ita ta kai ni gaban gari, don tana son Lurwanu, abin da ba nata ba."

"Laifina ne tun farko..."

"Naki ne. Kuma ga shi kin ce naki ne. Tashi, ya binti, kin jiƙa mini abaya."

Daga bakin ƙofa Lurwanu, wanda ya biyo ta a baya, ya leƙo. "Umma, in gaya wa Baba ya sa ranar ɗaurin aure?"

"Wa ya kira ka? Rasa kunya!" Ta juyo ga Umman Sundus. "Ruƙayya, a kawo gahawar nan. Maza su zauna su tsayar da rana."

Umma ta rangaɗa guɗa tun kafin ta kai kicin.

Hajiya ta miƙa wa Sundus tafin hannu.

"Makullin."

Sundus ta ɗora mata.

"Guda nawa ne?"

"Biyu, Hajiya."

"To ɗaya nawa ne. Duk ranar da zan zo gidanku, ni zan kulle da hannuna, sannan in zauna." Ta jefa shi a jaka, ta zuge. "Kuma daga yau ki daina ce mini Hajiya. Umma ake cewa."

Sundus ta rufe fuska da mayafi.

"To, Umma."